Amsar Tambaya: Yara da Wasannin Ɓuya da na Tsoro

Tambayar da ta zo daga Madawa ita ce ko wasannin bidiyo na ɓuya da na tsoro suna cutar da yaro. Wasan ɓuya, irin Metal Gear Solid na 1998, shi ne wanda ɗan wasa ke laɓewa, wani lokaci a cikin kwali, har mai gadi ya wuce, kuma yana koyar da haƙuri da lura. Na tsoro kuwa, kamar Resident Evil na 1996, ana tattalin harsashi ne a tsakanin gawarwaki masu tafiya, ga jini ko'ina, abin da kan hana ƙaramin yaro barci. Mahaifi ya duba alamar shekarun da ke jikin wasan. Idan 18 aka rubuta, ya hana shi.