Ƙasar tsakuwa mai kwana da ruwa a kwarin duwatsu

Idan aka zuba ruwa a kan tarin tsakuwa, nan da nan sai ya ɓace. Kowane yaro ya san tsakuwa ba ta riƙe ruwa. Amma akwai wuraren da ƙasarsu cike take da tsakuwa, duk da haka tana jiƙe sharkaf watanni da yawa a shekara. In mutum ya taka, sai ruwa ya ɓulɓulo a sawunsa. Ana samun irin wannan ƙasa a bakin koguna, cikin kwarin manyan duwatsu masu sanyi. Kwarin kogin Ron yana ɗaya daga cikinsu.

1. Ina kwarin yake?

Kogin Ron, wanda ake rubutawa Rhône da Faransanci, yana tasowa ne daga duwatsun Alp, a ƙasar Suwis. Mafarinsa wani babban tulin ƙanƙara ne da ke bisa dutse, a tsayin da ya wuce mita 2000. Daga nan sai ya gangaro ta cikin jihar Valais, ya shiga tafkin Leman, ya ratsa ƙasar Faransa, ya faɗa Bahar Rum. Tsawonsa ya ɗara kilomita 800.

A jihar Valais, kogin yana bi ta wani dogon kwari. Dama da hagu duwatsu ne masu tsayi. A tsakiya kuwa akwai fili shimfiɗaɗɗe, wanda kogin yake malala a kansa idan ya cika. Ƙasar wannan fili ita ce abin nazari.

2. Daga ina ƙasar ta fito?

Kogi ne ya kawo ta. Sanyi yana farfasa duwatsu, ƙanƙara tana niƙa su, ruwa kuma yana kwaso ɓaraguzan ya yi ƙasa da su. A kan gangare ruwa yana da ƙarfi, har manyan duwatsu yake mirginowa. Da ya iso fili sai ƙarfinsa ya ragu, ya fara sauke kayansa. Tsakuwa ce take fara zama, domin ta fi nauyi. Sai yashi ya biyo baya. Laka mai laushi ita ce ta ƙarshe, takan kwanta ne inda ruwa ya tsaya cik.

Kowace ambaliya tana barin nata kaya a kan na wadda ta gabace ta. Shi ya sa in aka haƙa rami, sai a ga ƙasar hawa-hawa: laka ƴar kaɗan a sama, sai yashi, sai tsakuwa mai kauri a ƙasa. Duwatsun da ke ciki mulmulallu ne, masu santsi, saboda daɗewar da suka yi suna gogar juna a cikin ruwa.

3. Me ya hana ruwa tsanewa?

Ruwan sama ba shi da yawa a nan. Garin Siyon, babban birnin jihar, yana samun kimanin milimita 600 a shekara, wato kusan abin da wasu sassan kudancin Nijar suke samu. Ruwan da yake jiƙa filin daga ƙarƙashin ƙasa yake tasowa.

Tsakanin ƙwayoyin tsakuwa akwai manyan kafofi, kuma ruwa yana wucewa ta cikinsu cikin sauƙi. Ruwan kogi yana kutsawa ta gefe ya cika kafofin. Ruwan da yake gangarowa daga duwatsu shi ma a nan yake taruwa. Filin ba shi da gangare sosai, kuma bai fi kogin tsayi da yawa ba, don haka ruwan ba shi da wurin zuwa. A watannin Yuni da Yuli, lokacin da ƙanƙara take narkewa a bisa duwatsu, kogi yakan cika, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma ya taso tare da shi, har ya kusa kai fuskar ƙasa. A cikin hunturu kogi yakan janye, ruwan ya sauka.

Ga bambanci da fadamar laka. A fadamar laka, ƙasa ce take toshewa, ruwan sama ya kwanta a kanta. A filin tsakuwa kafofin a buɗe suke, sai dai ruwa ya riga ya cika su.

4. Alamomin wannan ƙasa

Na farko, ruwa yana kusa. Ramin da bai kai mita ɗaya ba yakan tara ruwa a lokacin cikar kogi.

Na biyu, launi. A cikin ƙasa akwai ƙarfe kaɗan. Inda iska take shiga, ƙarfen yana yin tsatsa, ƙasa ta yi ja ko ruwan ƙasa. Inda ruwa ya kori iska shekara duka, ƙasa takan zama toka-toka, wani lokaci har da shuɗi-shuɗi. A tsakani, inda ruwa yake hawa yana sauka, sai a ga ɗigo-ɗigon tsatsa a jikin toka-tokar. Waɗannan ɗigo suna nuna iyakar da ruwa yake kaiwa, ko da an haƙa ramin a lokacin da ƙasa ta bushe.

Na uku, baƙar fuska. Ganyaye da saiwoyin da suka mutu ba sa ruɓewa da wuri, sai su taru a sama, su yi baƙi.

Na huɗu, ƙarancin abincin shuka. Tsakuwa ba ta riƙe taki, ruwa yana wanke shi. In kuma ruwan ƙarƙashi ya sauka da nisa, sai saman ƙasar ya bushe da sauri.

5. Aikin sanyi

Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi. Da dare takan gangaro daga duwatsu ta taru a cikin kwari, har raɓa ta daskare a kan tsiro ta ƙone shi. Jiƙaƙƙiyar ƙasa kuma ba ta yin ɗumi da wuri, domin ruwa yana daɗewa kafin ya ɗauki zafi. Saboda haka iri yana jinkirin fitowa, lokacin noma ya gajarce. Ƙananan halittun da suke ruɓar da ganye su mai da shi taki suna son ɗumi da iska. A cikin sanyi da ruwa aikinsu ba ya sauri.

6. Abin da yake tsirowa, da abin da mutane suka yi

Saiwa tana numfashi kamar kowane mai rai. In ruwa ya rufe ta kwana da kwanaki, sai ta ruɓe. Tsire-tsiren da suka saba da ruwa ne kawai suke jin daɗin wurin: ciyayi dangin aya-aya, da dogayen karan ruwa, da itatuwa biyu da ake kira *saule* da *aulne* da Faransanci. Saiwar *aulne* tana da ƴan ƙulle-ƙulle kamar na wake, waɗanda suke ƙara wa ƙasa ƙarfi.

A da, yawancin filin Ron dausayi ne. Sauro ya yi yawa, har ana fama da zazzaɓin cizon sauro. Mutane sukan gina ƙauyukansu a kan tudu, su bar filin ga dabbobi. A shekarar 1860 aka yi wata babbar ambaliya da ta yi ɓarna ƙwarai. Daga 1863 zuwa 1894 aka miƙar da hanyar kogin, aka yi masa ganuwa dama da hagu. Daga 1930 zuwa 1960 aka sake gyara ganuwar. An kuma haƙa magudanai masu janye ruwan ƙarƙashin ƙasa. Da ruwa ya sauka, iska ta shiga ƙasa, sai filin ya koma lambuna da gonakin itatuwa, irin su tuffa. Can sama kuwa, inda sanyi ya fi tsanani, ciyawar dabbobi aka fi nomawa.

Duk da haka kogi bai manta hanyarsa ba. A watan Oktoba na 2000 ya sake ƙetare ganuwa, haka kuma a ƙarshen watan Yuni na 2024. Darasin da aka koya shi ne, kogin da aka matse yana bukatar a faɗaɗa masa wurin wucewa.

7. A ƙasar Nijar

Babu dusar ƙanƙara a Nijar, amma akwai wuraren da ruwa yake tasowa daga ƙarƙashi. A Dallol Boso da kwarin Korama ƙasar yashi ce, ruwa kuma yana kusa, rijiya ba ta yin zurfi. Manomin da ya haƙa ɗan rami ya dubi launin ƙasa kafin ya dasa itace, ya tsare kansa daga asarar shekaru.

Gwaji

A samo gwangwani biyu, a huda gindinsu, a cika su da tsakuwa. A riƙe na farko a sama, a zuba masa ruwa: ruwan zai zube duka. A ajiye na biyu cikin kwano, a zuba ruwa a kwanon, ban da gwangwanin. A duba yadda ruwa yake hawa cikin tsakuwar. A rage ruwan kwanon, a sake dubawa.

Abin riƙewa

Ƙasar filin kogi a kwarin duwatsu masu sanyi kogi ne ya jibge ta hawa-hawa. Tana da tsakuwa da yawa. Tana jiƙewa ne saboda ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa. Ana gane ta da launin toka-toka da ɗigon tsatsa. Ta dace da kiwo, ba ta karɓar noma sai an janye ruwan.

Kalmomi

kwari: *la vallée*
tsakuwa: *le gravier*
ambaliya: *l'inondation*
ganuwar kogi: *la digue*
ruwan ƙarƙashin ƙasa: *la nappe phréatique*

Tambayoyi

1. Daga ina kogin Ron yake tasowa, ina kuma yake ƙarewa?
2. Tsakanin tsakuwa da yashi da laka, wanne ruwa yake fara saukewa? Don me?
3. Me ya sa ruwan ƙarƙashin ƙasa yake hawa a Yuni da Yuli?
4. Me ɗigon tsatsa yake nunawa a jikin rami?
5. Wane bambanci ne tsakanin fadamar laka da filin tsakuwa?
6. A cikin gwajin, mene ne yake a matsayin kogi?