Wasiƙa ga 'Ya'yanmu Masu Wasan Bolin a Amurka



Tun da na ji wasunku a Bronx sun fara zuwa gidan bolin ranar Asabar, raina bai kwanta ba sai na rubuto muku. Iyayenku da yawa gani suke ɓata lokaci ne yaro ya wuni yana mirgina ƙwallo don ya zubar da sanduna goma. Ban ga laifinsu ba, a zango ba mu taso da wannan wasa ba. Amma a ƙasar nan wasan yana biyan kuɗin makaranta, kuma yana mini ciwo in ga 'ya'yan wasu suna amfana, namu ko labari ba su da shi.

Hukumar wasan, USBC, mai hedikwata a Arlington ta jihar Texas, tana da wani asusu da ake kira SMART, wanda aka kafa a 1994. Idan yaro ya ci tallafin karatu a gasar matasa, ba a damƙa masa kuɗin a hannu. Ajiye masa ake yi da sunansa har ya kai jami'a, sannan a yi masa hidimar karatu da su. Shekara takwas gare shi bayan gama sakandare, in ya wuce haka bai taɓa ba, sun tafi. To amma wanda yake zuwa da abokai don nishaɗi kawai ba shi da ko sisi a ciki. Sai ka yi rajista da hukumar, ka shiga ƙungiya, ana rubuta makinka mako-mako.

Ku 'yan matanmu, ƙofarku ta fi faɗi. Hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA gasar bolin ta mata kaɗai take shiryawa, tun 2004, lokacin da Nebraska ta ɗauki kofin farko. Jami'ar Maryland Eastern Shore, wadda aka kafa domin baƙaƙen fata, ta ɗauka a 2008 da 2011 da 2012. Ina roƙon iyaye mata su duba wannan da idon rahama: wasa ne da ba a kokawa, ba a cakuɗa jiki, yarinya tana iya yin sa da ɗankwalinta da suturarta.

Sai abin da ya fi damuna. Na ga yaran da suke mafarkin cin maki 300, wato zubar da sandunan duka sau goma sha biyu a jere, amma takardar sakamakonsu ta makaranta ba ta nunuwa. Manyan kyaututtukan hukumar USBC, irin ta Chuck Hall ta samari, da ta Alberta Crowe ta 'yan mata, da ta tunawa da Earl Anthony, ba ƙarfin hannu kaɗai suke dubawa ba. Za a nemi sakamakon aji, da wasiƙar shaida, da bayanin aikin taimakon da ka yi wa jama'a. Rabon abinci da kuke yi a masallaci da azumi, da koya wa ƙannenku karatu, duk aikin taimako ne, ku riƙa rubuta ranakun a littafi. Wanda kuma gidansu ba hali, akwai tallafin Gift for Life domin irinsa, kada kunya ta hana shi nema.

Ku je wa malamin da zai rubuta muku shaida tun farkon zangon karatu, kada ku bari sai ana saura kwana biyu a rufe karɓar takardu. Wanda Turancin fom ya yi wa nauyi ya kawo mini bayan sallar Juma'a, mu zauna mu cike tare.

Allah Ya yi muku albarka.

Kawunku.