Haɗa Kwamfutar Gem: A Karanta Lamba Kafin a Biya Kuɗi

Ba zan ɓata muku lokaci da bayanin mece ce kwamfuta ba. Duk mazaunin Samaru ya saba ganinta a hannun ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, kuma duk wanda ya ratsa Sabon Gari da yamma ya ji ihun samari a gidajen gem idan an zura ƙwallo a raga. Wasunku 'ya'ya ne suka hana su sakat, sai an haɗa musu irin babbar nan ta kan tebur. Wasunku kuma shago suke son buɗewa. Madalla, sana'a ce. Amma kuɗin da ake zubawa ba kaɗan ba ne, kuma hanyar asararsa guda ɗaya ce wadda na gaji da gani: mutum ya ji suna ya zaro kuɗi, bai karanta lamba ba.

Kayan ba su da yawa. Akwai firosesa, wadda ke yin lissafin komai. Akwai madabod, masu gyara suna cewa bod, shi ne faifan da ake dasa kowane abu a kansa. Sai ram, sai katin hoto da ake kira girafik, sai fawa fak mai raba wuta, sai SSD na ajiya, sai akwati da fankokinsa. Wannan yaranku ma sun haddace. Abin da ba su haddace ba shi ne, ba kowace firosesa ke zama a kan kowane bod ba. Masu gyaran babur da ke ajin nan namu na manya sun san fistin ɗin Bajaj ba ya aiki a injin Jincheng, ko da mai shago ya rantse. To haka abin yake.

Kamfanoni biyu ne ke ƙera firosesar da za ku tarar a kasuwa, Intel da AMD, duka na Amurka. Ta Intel ba ta hawa bod ɗin AMD, ta AMD ba ta hawa bod ɗin Intel. Wannan mai sauƙi ne, mu wuce.

Inda ake faɗuwa shi ne nan. Yaro ya ji an ce "Core i7", sai jikinsa ya ɗau rawa, don ya san 7 ta fi 5, 5 ta fi 3. Ku saurara da kyau. Bayan i7 ɗin nan akwai wata lamba, kuma ita ce maganar. Idan an rubuta i7-2600, lambar farko 2 ce, wato zubi na 2, na shekarar 2011. Idan an rubuta i3-12100, lambobi biyar ne, sai a ɗauki biyun farko: zubi na 12, na shekarar 2022. Wannan i3 ɗin da yaro ke rainawa ta fi waccan i7 ɗin gudu nesa ba kusa ba. Wanda ya sayi i7 bai tambayi zubi ba, tsohuwa ya saya da kuɗin budurwa, kuma shi ya jawo wa kansa. Kada ku biya sai kun karanta lamba.

Kowane zubi yana da gurbinsa a kan bod, wato soket, shi ma da lambarsa. Zubi na 12 da na 13 da na 14 suna zama a LGA1700, a kan bod irin su H610 da B660 da B760. Zubi na 10 da na 11 gurbinsu LGA1200. A ɓangaren AMD, Ryzen 5 3600 da Ryzen 5 5600 suna zama a AM4, a kan bod irin su B450 da B550. Ryzen 5 7600 kuwa sai AM5, wanda ya fito a 2022. Ku kwafe waɗannan a littafinku yanzu, ba sai anjima ba.

Wata ɗalibar ajin manya, maƙwabciyarmu a Hayin Dogo, ta kwashi adashinta ta ba ɗanta na fari, wai zai kafa gidan gem. Yaron bai zauna ya rubuta komai ba. Ranar Litinin ya hau mota zuwa Sabon Gari ya dawo da firosesa a cikin 'yar leda, yana ta murna ya samu i7 da araha. Bayan kwana biyu wani ɗalibi da ya gama karatu zai koma garinsu ya sayar masa da bod a kwalinsa. Ram kuma aboki ne ya ciro masa daga wata tsohuwar kwamfutar ofis.

Daren da za a haɗa, gidan kamar ana biki. An shimfiɗa tabarma a tsakar gida, an jawo waya daga ɗakin maigida, ƙannensa sun kewaye shi, har yaran maƙwabta sun leƙo ta katanga. Firosesa ta zauna daram a gurbinta. Ya ɗaga kai ya ce, "Umma, kin gani ko? Ai na faɗa miki na iya."

Ram ne ya fara gardama. Ya juya shi ta nan, ya juya ta can, ya ƙi shiga. Kakarsu tana kan kujera 'yar tsugunne tana ɓarar gyaɗa, ta ce, "Kai maigidana, in ba ka da ƙarfi kawo in danna maka. Ko a miƙo maka taɓarya?"

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya aika ƙaninsa ya aro wani ram a wajen abokinsa, wannan ya shiga. Aka kunna. Allon monita ya tsaya baƙi ƙirin.

"Wutar ce ba ta da ƙarfi," in ji maigida. "Tun la'asar ƙwan ɗakina yake ja kamar garwashi."

Aka tayar da janareta. Baƙi ƙirin.

Kaka ta ce, "Baki ne. Tun shekaranjiya yake yawo yana faɗa wa duniya zai buɗe shago. Wa ya aike shi?"

Uwar ba ta ce komai ba. Kun san ba ta kiran sunan ɗan fari, sai ta ce, "Kai, miƙo mini kwalin nan." Ta sa tabarau, ta haska fitilar waya, ta bi rubutun da yatsa yadda muke yi a aji. Turanci bai zauna mata ba, amma lamba ba ta da yare. Ta ga 8, ta ga 9. Ta ce a ciro mata ɗan ƙarfen, wato firosesa. Ya cire fanka, ya goge man da ke kai. Ta karanta a hankali: "Bakwai, bakwai, sifili, sifili." Ta dube shi. "Kwali ya ce takwas da tara. Kai ka kawo bakwai. Malam, kai ma duba, ko idona ne?"

Maigida ya karɓa ya juya shi, ya ce shi dai bai ga laifinsa ba, ai ya shiga.

Ai ya shiga! Wannan maganar ita ce ta cinye kuɗin mutane. Firosesar i7-7700 ce, zubi na 7. Bod ɗin B360 ne, na zubi na 8 da na 9. Dukansu gurbinsu LGA1151 ake kira, girmansu ɗaya, tana zama lafiya lau, amma ba za ta taɓa tashi ba, don Intel ya sauya tsarin wutar gurbin bai sauya sunansa ba. Zubi na 6 da na 7 suna son bod irin su H110 da B250. Wannan tarkon yana nan birjik a cikin kayan tokumbo, kuma irin kayan da aljihun yawancinmu ke kaiwa ke nan. Shiga daban, aiki daban. Da yaron ya koma shago aka nuna masa rasit, an rubuta kaya in sun fita ba sa dawowa. Kaka ta ce araha ba ta ado, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Uwar kuwa sai da ta yi sati ba ta amsa gaisuwarsa da baki ba, sai da ka.

Ban ga laifin mai shago sosai ba. An ce masa i7, ya ba da i7. Wanda bai tambaya ba shi ya so.

Ram ɗin da ya ƙi shiga DDR3 ne, bod ɗin kuma na DDR4. Akwai DDR3 da DDR4 da DDR5, kowanne da 'yar tsaga a ƙasansa a wuri daban, da gangan aka yi don kada a yi kuskure. In ya ƙi shiga, ba ƙarfi yake nema ba, gaya maka yake ba gidansa ba ne. Na ga wani a layinmu, babba da gemunsa, ya sa zarto yana faɗaɗa tsagar. Me za ka ce wa irin wannan? AM4 na DDR4 ne, AM5 na DDR5 ne kaɗai. LGA1700 kuwa wani bod ɗin na DDR4 ne, wani na DDR5, sai an karanta kwali. A nemi 16GB, kuma gara guda biyu masu 8GB da guda ɗaya mai 16GB.

Akwai harafi a ƙarshen lamba, shi ma a karanta. Idan ta Intel ta ƙare da F, kamar i5-12400F, ba ta fitar da hoto da kanta, dole sai da katin hoto. Ryzen 5 5600 ma haka take, amma 5600G tana fitarwa. Mai kuɗi kaɗan zai iya farawa da mai G, ya sayi kati daga baya. Idan kuma za a ɗora 5600 a kan tsohon B450, a tambayi mai shago ko an sabunta BIOS ɗinsa, wato manhajar da ke cikin bod ɗin, in ba a yi ba ya yi a gabanka.

Ra'ayina, ga mai son ƙwallon FC ko GTA, i5 ko Ryzen 5 ta wadatar. Ragowar kuɗin a kai kan katin hoto, don shi ke ɗaukar nauyin gem. Kuma kada a sayi abin da ya gaza zubi na 8, domin Windows 11 daga nan yake farawa, Microsoft kuma ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025.

Fawa fak ma lamba gare shi a jikin takardar da aka manna masa. Kati irin RTX 3060 shi kaɗai yana jan wat 170, kuma kamfaninsa ya ce a ba shi fawa fak mai wat 550. Ƙananan kwamfutocin ofis na HP da Dell da ake kawowa tokumbo, fawa fak ɗinsu ƙarami ne, akwatinsu siriri, babban kati ba ya shiga. Kada wani ya ce maka za a yi dabara. Halin wutarmu kuwa kun fi ni sani. A sa sitabilaiza ko UPS, kada a jona kai-tsaye da janareta. Da hunturu a buɗe akwati a hure ƙura. Da zafin Maris da Afrilu a cire mata zanen da matan gida ke lulluɓa mata, numfashi take so.

Idan za ka kasuwa, ko Sabon Gari ce, ko Farm Centre a Kano, ko aike za ka yi Ikeja, ka tafi da takarda. Layi na farko lambar firosesa cikakkiya har da harafinta, na biyu lambar bod, na uku irin ram. Firosesa da bod da ram a saye su rana ɗaya, a shago ɗaya in da hali, a haɗa, a kunna, ka ga hoto a monita da idonka. Sannan ka zaro kuɗi. In mai shago ya ce babu wuta, ka ce za ka jira. In ya ce "zai yi, Alhaji", ka ce ya nuna maka inda aka rubuta.

Aikin gida: wani ya zo da Ryzen 5 7600 da bod B550 da ram DDR4. Wani ya zo da i5-12400F da bod H610, ba shi da katin hoto. Ku rubuta abin da zai faru da kowannensu idan ya kunna. Wanda ke da tsohuwar kwamfuta a gida kuma ya kwafo mana lambar firosesarta ranar Asabar, harafi da harafi, mu gano zubinta a allo.