Faɗaɗa Kula da Lafiyar Yara a Ƙauyuka: Me Ke Sa Shiri Ya Yi Aiki?

Zazzaɓin cizon sauro da gudawa da namoniya su ne kan gaba wajen kashe yaran da suka wuce watan farko amma ba su kai shekara biyar ba. Duk ukun suna da magani mai araha. Abin da ya fi yin ɓarna shi ne jinkiri: ana neman kuɗin babur zuwa asibiti, jikin yaro yana ta tsananta.

Shi ya sa a 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka nemi a horar da 'yan gari su riƙa yi wa yara magani a ƙauyensu. Ma'aikaciya za ta ɗiga jinin yatsa a kan katin gwaji don gano maleriya. Za ta ƙirga numfashin yaro mai tari na minti ɗaya. Idan ɗan wata 2 zuwa 11 ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 ya kai 40, sai ta ba shi amoxicillin. Mai gudawa kuwa ruwan ORS da ƙwayar zinc.

Nijar ta gina ƙananan ɗakunan shan magani a karkara, ta kuma soke biyan kuɗin jinyar yara a 2006. Mace-macen yara sun sauka daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Amma a yankin Oromiya na Habasha, inda ma'aikatan suka iya aikinsu, bincike bai ga tsarin ya rage mace-mace ba, domin iyaye kaɗan ne suke kai musu yara.

Saboda haka masu riƙe da kasafin lafiya su lura da abubuwa uku. Kada akwatin magani ya ƙare, musamman da damina, domin uwar da ta zo sau biyu aka ce babu, ba za ta sake dawowa ba. A biya ma'aikata albashi a kan kari, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2018. A kuma riƙa tura mai duba aiki, a sa ma'aikatan su riƙa bin gida-gida maimakon zaman jira.

Ku kuma iyaye, ku kai yaro tun ranar da zazzaɓi ya fara. In ya kasa shan nono, ko yana amai da duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa, ku wuce asibiti nan take.