Haske da hoto

Fim wata siririyar leda ce da aka shafa wa gishirin azurfa. In haske ya taɓa gishirin, sai ya sāke. Shi ya sa mai hoto ba ya buɗe na'urarsa cikin rana: duk hotunan za su ƙone. A ɗaki mai duhu yake wanke su.

A 1948, a Amurka, Edwin Land ya fara saida na'urar Polaroid. Maganin wankin yana cikin takardar. Minti ɗaya, ga hoto!

Mu gwada: ku huda gindin gwangwani da ƙaramar ƙusa. Ku rufe bakinsa da farar takarda wadda kuka shafa wa mai. Ku lulluɓe kanku da zane, ku auna icce da hujin. Ina kan iccen ya duba?