Idan Ramin Kunna Sigari na Mota Ya Daina Kawo Wuta

Kusan kowace mota tana da wani ɗan rami kusa da direba wanda aka yi domin kunna sigari. Yau masu kunna sigari da shi kaɗan ne, caja ake cusawa a ciki saboda wayar hannu. Wutarsa daga batir take zuwa, bolt 12 a ƙananan motoci, 24 a yawancin manyan motoci irin su tirela. Ran da ya ƙi kawo wuta, sai ka ga mutum ya nufi gareji, alhali sau da yawa gyaran bai fi ƙarfinsa ba.

To, ya kai mai mota, fara murɗa makulli, don motoci da dama ba sa sakar wa ramin wuta sai makulli yana kan ACC ko ON. Sa'an nan ka gwada wata caja. Cajojin da ake talla a tasha mutuwarsu ba wuya.

In har yanzu shiru, zare makulli ka haska tocila cikin ramin. Ɗan ƙarfen da ke can ƙasa, a tsakiya, shi ke kawo wuta, bangon ramin kuma shi ke mayar da ita jikin mota. Ƙurar hunturu ko tsatsa takan rufe shi. Wani lokaci kwandala ko allura ce ta faɗa ta haɗa su biyun. Da tsinken ice za ka ciro ta, ban da ƙarfe, gama a wasu motoci ramin da wuta ko an zare makulli.

Amma galibi fiyus ne ya ƙone. Akwatinsa yana ƙarƙashin sitiyari, wasu motocin kuma suna da wani kusa da inji. Jikin murfin akwai zane, ka nemi inda aka rubuta CIG ko ACC. Zaro fiyus ɗin da ke wurin ka ɗaga wa haske. Za ka ga wani siririn ƙarfe cikin robar. In ya tsinke, ko wurin ya yi baƙi, to ya mutu. Lamba tana bisa kansa, launi ma yana faɗa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20. Irin wanda ka cire, irinsa za ka mayar.

Nan fa ne jama'a ke ganganci. Wani ya ga na 10 yana yawan ƙonewa sai ya sa na 30. Wani ma waya yake lanƙwasawa ya cusa, ko ya naɗe mataccen fiyus da takardar azurfar kwalin sigari, wai ya yi dabara. Ku sani, an yi fiyus ne musamman don ya ƙone kafin wayar wuta ta ƙone. In aka hana shi, zafin sai ya koma kan wayoyin da ke bayan allon gaban mota, robarsu ta narke, gobara ta tashi inda hannu ba ya kai wa. Ga lissafin: fiyus na 10 a bolt 12, wat 120 kaɗai yake ɗauka. Cajar waya ba ta kai ko kusa ba, amma butar dafa ruwa da wasu injinan hura taya sukan zarce haka.

In ka sa sabo ya sake ƙonewa nan take, ba kome a ramin, to akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe. In kuwa fiyus lafiya lau amma ba wuta, wataƙila waya ta kwance a bayan ramin, ko ramin kansa ya lalace. Wannan aikin mai wayarin mota ne, shi ke da fitilar gwaji. Ka kai masa, kuma ka tsaya ka ga lambar fiyus ɗin da zai sa maka.