Yadda Ake Mayar wa Tunani Mai Zargi Martani Bisa Tafarkin Masu Zuhudun Masar

Ebagiriyus na Fontus, wanda ya yi zaman zuhudu a Keliya cikin hamadar Masar har rasuwarsa a shekarar 399, ya tattara ayoyin Littafi Mai Tsarki kusan 500 domin mayar da martani ga miyagun tunani iri takwas, yana koyi da Yesu Almasihu wanda ya amsa wa Iblis da ayoyin Maimaitawar Shari'a a Matiyu sura 4. A wannan fahimta, mai ƙarar da Zakariya sura 3 ta ambata, wato Iblis, yakan yi magana ne daga cikin zuciya, ƙarfin tunkararsa kuwa shi ne wanda Afisawa 3:16 ta danganta ga Ruhu a cikin mutum.

Da farko mutum ya keɓe, ya rubuta tunanin da lafazin da ya zo masa. Ƙaramin littafin rubutu ya wadatar.

Aikin da ya fi wuya shi ne rarrabe zargi da tsawatawar lamiri, domin dukansu sukan zo da baƙin ciki, kuma masu cewa a kori duk tunanin da ya sosa rai suna koya wa mutane taurin zuciya ne kawai. Ma'aunin yana cikin 2 Korintiyawa 7:10, inda aka bambanta baƙin cikin da ke kai ga tuba da wanda ke kai ga mutuwa. Tsawatawa takan ambaci laifi takamaimai, ta nuna wanda za a nemi gafararsa ko abin da za a mayar, sannan ta lafa idan an yi hakan. Zargi kuwa yakan yanke wa mutum hukunci ɗungurungum, ya tono abin da aka riga aka tuba a kansa, ya sa addu'a ta zama abin kunya.

Idan zargi ne, sai a zaɓi aya guda gajera da ta dace da shi, kamar Romawa 8:1, a haddace ta tun kafin buƙata, a furta ta da zarar tunanin ya ɓullo. Kada a shiga gardama da shi, domin gardamar ce ke ba shi wurin zama. Buɗe littafi da ka a ɗauki ayar da ido ya faɗa a kanta kuwa ba wannan tafarki ba ne.

Tunanin da ya ƙi tafiya ana bayyana shi ga dattijo amintacce, kamar yadda Yohanna Kasiyan, almajirin Ebagiriyus, ya nanata. Wanda ya hana barci da cin abinci kuma, likita ma ya ji shi.